Tankin kifina ya yi mana ambaliya sau biyu, uwargida ta ce sai dai in zaɓa

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, ina zaune a saman bene a gidan haya da matata da 'yarmu mai wata goma sha ɗaya. Tun ina karatu a Malesiya son kiwon kifin ruwan gishiri da murjani mai rai ya shiga raina, sai bara Allah Ya hore mini na haɗa nawa. Tankin gilashi ne mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, da wani ƙaramin tanki a ƙarƙashin teburin mai tsawon 60 da faɗi 30, inda injinan suke. Ban huda gilashin ba, akwatin ratayawa na sa mai lanƙwasasshen bututu da ke zuƙo ruwa ya sauke shi ƙasa. Sau biyu ke nan ruwa yana malale mana falo. Na farko an ɗauke wuta ina wurin aiki, tankin ƙasa ya cika ya zube. Na biyu cikin dare ne da aka dawo da wuta, na sama ya tumbatsa. Kafet ɗin da iyayenta suka sa mata a kayan ɗaki ya lalace, silin ɗin dattijon da ke ƙasanmu ya yi tabo. Bai ce mini komai ba, amma gaisuwarsa ta canza. Matata ta ce ko tankin ya bar gidan, ko ita ta tafi gidansu da yarinya har in gama shawara. Ni kuma so nake in sake tsarin bututun gaba ɗaya, in ƙara ɗakin mafaka na ciyawar teku. Mai gyaran famfo ya ce bawul ɗin tagulla mai hana ruwa komawa baya zai magance komai. Na kashe kuɗi masu yawa, kuma zama gaban tankin nan shi ke sauke mini gajiyar aiki. In haƙura ne, ko akwai gyara?

Wani mai karatu daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai gyara, kuma ba sai ka rabu da kifinka ba in ka bi abin a hankali. Amma bari in fara da uwargida kafin in zo kan bututu, domin a wasiƙarka na ga ka jera ta cikin matsalolin da tankin ya jawo, alhali ita ce ta fi kowa ganin gaskiyar lamarin. Ka tsaya a inda ta tsaya ranar farko: kana ofis, ita kaɗai ce a gida da yarinya mai rarrafe, ruwan gishiri yana bin tayil yana nufar wayoyin wuta, kuma ba ta san wanda za ta cire ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan famfo nesa ba kusa ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, ita kuwa sau biyu aka sare ta. Kafet ɗin ma ba kuɗinsa ne kaɗai ke mata ciwo ba, kayan da iyayenta suka yi ɗawainiyarsu ne. Kada ka tunkare ta da zanen sabon tsari tukuna. Ka ba ta haƙuri ba tare da ka haɗa da "amma" ba, ka sayo mata kafet ɗin da ta zaɓa da kanta kafin ka sayi ko gwiwar bututu ɗaya, kuma ka gaya mata gaskiyar abin da gyaran zai ci. In aljihunka ba zai ɗauki biyun a wata ɗaya ba, kafet ne farko.

Dattijon ƙasa kuma, shirunsa kawaici ne, ba yafiya ba. Ka sauka yau ɗin nan bayan magariba ka gaishe shi, ka nemi ganin tabon da idonka, ka kawo mai gyara a kuɗinka. Haƙƙin maƙwabci ba abin jinkirtawa ba ne. Shi ma mai gidan hayar ya kamata ya sani, saboda dalili biyu. Tankinka lita 300 ne, in ka haɗa da na ƙasa da gilashi da duwatsu da tebur, nauyin ya doshi rabin tan a wuri guda a saman bene, don haka jikin bango ko kusa da ginshiƙi ya dace ya zauna, ba tsakiyar falo ba. Sannan ruwan gishiri in ya yawaita ratsa dakin yana sa rodin ciki tsatsa. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin maƙwabci.

To, ruwa ba ya tsami banza, kuma ambaliyar nan biyu kowace da sababinta. Ɗauko takarda mu lissafa. Tsawo sau faɗi a raba da dubu shi ke ba ka litar da ke cikin kowace santimita ta zurfi. Tankinka na sama, 120 sau 50, lita 6 ke nan a kowace santimita. Na ƙasa, 60 sau 30, lita 1.8 kacal. Idan aka ɗauke wuta famfon da ke tura ruwa sama ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama yakan juye ya zama mazuƙi, tamkar yadda direba ke zuƙo fetur da tiyo, yana ta janyo ruwa ƙasa har sai bakinsa ya shaƙi iska. A ce bakin nan ya nutse santimita 5 a cikin ruwa, lita 30 ke nan za su sauko, kuma ƙaramin tankinka yana buƙatar sararin kusan santimita 17 kafin ya iya karɓarsu. Na tabbata ba ka bar masa wannan sararin ba. Wannan ita ce ambaliyar farko. Ta biyu kuwa laifin akwatin ratayawa ne. Lanƙwasasshen bututunsa yana aiki ne muddin babu iska a ƙoƙon lanƙwasar. Da kumfa ya taru a wurin yayin da wuta ba ta nan, zuƙar ta tsinke, aka dawo da wuta famfo ya tashi yana tura ruwa sama, hanyar saukowa kuma a rufe. Tunda da alama tankin ƙasanka ba shi da shinge a ciki, duk ruwan da ke cikinsa famfo ya kwashe ya ɗora a kan tankin da sararinsa bai wuce 'yan santimita ba.

Ka lura, duka biyun a lokacin ɗaukewar wuta da dawowarta suka faru. Yawancin zanen da ka gani a intanet na mutanen da wutarsu kan shekara ba ta ƙifta ba ne, mu kuwa a rana ɗaya ana iya ɗaukewa sau uku, ga sauyin layi zuwa janareta. Saboda haka duk abin da za ka haɗa, tambayar da za ka yi masa ɗaya ce: ina ruwan zai je in famfo ya mutu, kuma ina zai je in ya farfaɗo ba kowa a gida?

Bawul ɗin da mai gyaran famfo ya kawo maka, kada ka sa shi. Ba mugunta ya yi maka ba, a aikin famfon gida shawararsa daidai ce. Sai dai tagulla da jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da katantanwa, kaɗan ya narke a ruwa ya isa ya kashe maka su, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe da sauri. Ko na roba ka samu, ban yarda ka jingina lafiyar falonka a kansa ba, domin ƙaramar katantanwa ko ɓawon gishiri ya maƙale a bakinsa shi ke nan ya daina rufewa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ake buƙatarsa. Abin dogaro shi ne sarari fanko a tankin ƙasa wanda ya fi duk ruwan da zai iya saukowa. Sarari ba ya lalacewa.

Shawarata ka huda tankin, ka rabu da akwatin ratayawa. Kafin nan a tabbatar gilashin ba irin gasasshen nan ba ne mai tarwatsewa kamar tsakuwa in an taɓa shi da mahudi, kuma gindin tanki ne aka fi yi da irinsa, shi ya sa huda bangon baya ya fi kwanciyar hankali. Mai aikin gilashi da ya saba, da mahudi mai bakin daimon da ruwa yana zuba a kai, shi zai yi maka, tankin kuma babu ruwa a ciki. Kifi da murjani sai su yi zaman wucin gadi a babbar robar da ba a taɓa zuba sabulu ko magani a ciki ba, da ruwansu na da, da ƙaramin famfo yana motsa shi. Mahaɗin bututu mai inci ɗaya yana son rami na kusan milimita 45, amma ka sayo mahaɗin tukuna a auna da shi kafin a huda. Robar da ke hana yoyo a ɓangaren faffaɗan kan mahaɗin take zama, ba a bayan notin da ake ɗaure shi da shi ba, a ɗaure da hannu a ƙara ɗan juyi kaɗan. Masu matse shi da sifana su ne ke tsaga gilashi.

A cikin tanki za a manna akwatin malala mai haƙora a bakinsa, wanda ruwan saman tanki ke tsallakawa ya faɗa ciki. Daga nan hanyoyin saukar da ruwa uku ne suka shahara a wajen masu wannan kiwo. Akwai Durso, bututu ɗaya mai ƙaramin ramin iska a kansa, mai sauƙin haɗawa, sai dai in ya toshe ba shi da mataimaki. Akwai Herbie mai bututu biyu: ɗaya a nutse yana zuƙa cikakkiya ba iska, ɗayan ya ɗan fi shi tsayi yana jiran ko-ta-kwana. Sai BeanAnimal mai uku, wanda ya ƙara bututu na tsakiya da ke ɗaukar ɗan rarar ruwa a hankali, kuma in ruwa ya hau shi ma ya koma cikakken mazuƙi. Ga mutumin da ke saman bene, da maƙwabci a ƙasa, da wutar da ke zuwa tana tafiya, mai ukun nan zan zaɓa maka ko da ramin ya ƙaru, domin duk lokacin da famfo ya tashi, babban mazuƙi yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kori iskar cikinsa, kuma a wannan tsakanin sauran biyun ne ke riƙe da gida. In wuri ya yi ƙaranci, Herbie ma ya wadatar.

A kan babban mazuƙin kaɗai za ka sa bawul, irin mai murɗawa a hankali kamar kan famfo, na roba, a ƙasa kusa da tankin ƙasa. Mai hannu ɗaya da ake karkatawa ba ya ba da daidaito, ka taɓa shi kaɗan ya wuce gona da iri. Za ka riƙa murɗawa har ƙarar shaƙar iska ta ɗauke, ruwan akwatin malala ya tsaya cak. Bakin wannan bututu ya nutse kamar santimita 2 zuwa 3 a ruwan tankin ƙasa, in ya yi zurfi zai wahala wajen korar iska. Na ko-ta-kwana kuwa ba a sa masa bawul ko kaɗan, kuma bakinsa a saman ruwa yake ƙarewa, don ranar da ya fara aiki ƙarar zubar ruwa ta sanar da duk wanda ke gida cewa wani abu ya toshe. Ka nuna wa uwargida wannan ƙarar ta san ta.

Tankin ƙasa ya yi maka kaɗan. In teburin zai ɗauka, ka yi mai tsawon 90, faɗi 40, zurfi 40, wato lita 3.6 a kowace santimita. Ka ɗaga bakin bututun da ke kai ruwa sama ya zama bai wuce santimita 2 a ƙarƙashin ruwa ba, ka huda masa ƙaramin rami na kamar milimita 3 dab da saman ruwa don ya shaƙi iska da wuri, amma ka yi lissafinka kamar ramin ya toshe, domin yakan toshe. A ce ruwan sama ya sauka santimita 3, lita 18 ke nan, ka ƙara kamar 5 na cikin bututu da akwatin malala, ya zama 23, abin da zai ɗaga ruwan tankin ƙasa da santimita 6 da rabi. In ruwan aiki yana tsayawa a 25, saura 15 fanko, ka ninka abin da ake buƙata har da ƙari.

Ciki sai a raba shi uku da shingen gilashi, a manna da silikon tsantsa, ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba. Ɗaki na farko nan ruwa ke sauka, nan injin kumfa mai tsamo datti yake zama, kuma yana son zurfin ruwa da ba ya canzawa, gwargwadon abin da takardarsa ta faɗa. Bayansa shinge uku a jere da tazarar kamar santimita 2 da rabi, ruwa ya hau na farko, ya bi ƙarƙashin na biyu, ya hau na uku, don ƙananan kumfa su fashe kafin su isa famfo. Ɗakin famfon ka sa shi a tsakiya, kuma ka ƙuntata shi da gangan. In faɗinsa 20 ne a kan 40, ruwan da ke saman bakin famfo santimita 12 bai kai lita 10 ba, alhali sararin santimita 3 a tankin sama yana ɗaukar 18. Ka ga ko duka bututu ukun sun toshe, famfo zai ƙare ruwan ɗakinsa kafin tankin sama ya tumbatsa. Famfo na iya ƙonewa, amma silin ɗin dattijo ya tsira.

Sai mafakar da kake marmari, kuma na ji daɗi da ka ambace ta, domin ita ce wurin da ya fi daɗin kallo a duk ƙasan teburin. Ta zauna a ɗaya ƙarshen, ruwanta ya fi na sauran zurfi, ana ba ta ruwa ta wani reshe da aka cire daga bututun famfo da nasa ƙaramin bawul, sannan ta malalo a hankali ta kan shingenta zuwa ɗakin famfo. Amfanin wannan jeri shi ne ƙananan halittun da ke hayayyafa a cikinta, 'yan mitsi-mitsin da kifi ke ci, za su wuce sama kai tsaye ba tare da sun bi ta injin kumfa ba. Ciyawar da zan ce ka nema ita ce Chaetomorpha, mai kama da dunƙulen koren zare mai kauri. Tana shan nitiret da fosfet, sinadaran dattin da ke taruwa a ruwa, tana girma, kai kuma kana yagar wani kaso kana zubarwa, ta haka dattin ke fita daga ruwan. Caulerpa ma tana aikin, amma takan narke farat ɗaya ta mayar da abin da ta sha, ban so maka ita ba. Ka kunna fitilar mafaka da dare lokacin da ta sama ke kashe, hakan yana rage faɗuwar ma'aunin pH, wato ƙaruwar tsamin ruwa, da ke faruwa cikin duhu. In ka haska tocila a bangon gilashinta bayan 'yan makonni za ka ga ɗigo-ɗigon farare suna tsalle, ka ɗauko 'yarka ka nuna mata. Ka sa raga a bakin shingen don zaren ciyawa kada ya shige famfo.

Famfon ba ya buƙatar ƙarfin tsiya. Ruwan da ke zagayawa ta tankin ƙasa ya kai ninki 3 zuwa 5 na girman tanki a awa, wato lita 900 zuwa 1,500 a wajenka, bayan an cire abin da hawan bututu da gwiwoyi ke ragewa, don haka ka sayi wanda ya ɗara haka a rubuce, mai maɓallin rage gudu. Igiyar ruwan da murjani ke so aikin ƙananan famfunan cikin tanki ne. Ka sa mahaɗi mai warwarewa kusa da famfo da kowane bawul don ka iya cirewa ka wanke ba sai ka yanka bututu ba. Wani abu kuma da ƙuntataccen ɗakin famfo ke jawowa: duk ruwan da iska ta shanye a nan yake nunawa, kuma da hunturu ya kama a Kaduna za ka sha mamakin yadda yake sauka. In lita 4 ta tashi a rana, santimita 5 ke nan. Sai ka haɗa ɗan injin ciko mai aiki da kansa, daga jarkar da ba ta wuce lita 10 ba, ta yadda ko ya maƙale a kunne sararin da ka bari zai shanye ta. Ruwan ciko tataccen ruwa ne marar gishiri, tunda gishiri ba ya bin iska, kuma ma'aunin gishirin ruwan tankinka ya zauna a 1.025 zuwa 1.026.

Wutar kanta a ɗaga duk soket sama da bakin ruwa, a wajen akwatin teburin in zai yiwu, kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya faɗi a ƙasa. Mai gyaran wuta ya sa maka na'urar da ke yanke layi da zarar lantarki ya zurara, mai miliamfiya 30. Ƙofar teburin a sa mata kuba saboda yarinya. Sannan ko famfo ɗaya na cikin tanki ya kasance a kan inbata ko batir, domin in wuta ta daɗe, ƙarancin iskar shaƙa a ruwan da ba ya motsi ne ke fara kashe kifi.

In ka auna duk wannan ka ga kuɗin ko aikin ya fi ƙarfinka a bana, akwai hanya ta biyu da ba abin kunya ba ce: ka cire tankin ƙasa gaba ɗaya, ka sa injin kumfa na ratayawa, ka rage yawan kifi, ka riƙa canjin ruwa a kan kari. Murjani masu laushi suna rayuwa lafiya a haka, kuma ruwan da bai bar tanki ba ba shi da hanyar zuwa falo. Wannan ma shi zan so ka yi daga gobe a matsayin riƙon ƙwarya, don uwargida ta kwana da kwanciyar hankali yayin da kake tara kayan aiki. Tankin ƙasa da mafaka sa iya jira har ku koma gidan ƙasa.

In kuwa ka yi gyaran, ka bar gam ɗin bututu ya kwana ya wuni, ka cika da ruwan famfo zalla, ba kifi ba gishiri, ka roƙe ta ta zo ta tsaya. Ita za ta kashe wutar da hannunta, ku zuba ido har ruwan tankin ƙasa ya daina hawa, ta ja layi da alƙalami a inda ya tsaya. Ta kunna, ku ga mazuƙi ya kama da kansa. Ku maimaita sau goma. Sannan ka toshe babban bututu da tafin hannunka, ka toshe na biyu, ta ga na ukun ya ɗauke ruwan. Ku bar shi mako guda yana shan ɗaukewar wutar unguwarku, da busasshiyar jarida shimfiɗe a ƙarƙashin teburin, kowace safiya ita ce mai dubawa. Ka faɗa mata tun kafin a fara cewa in jaridar ta jiƙe, ko kuma bayan makon hankalinta bai kwanta ba, za ka koma tsarin da ba tankin ƙasa, in shi ma bai yi mata ba ka nemi wanda ya iya kiwon ya karɓi kifin. Ka faɗa kana nufin cikawa. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya muku yarinya. Ka rubuto mini santimita nawa suka rage tsakanin layin da ta ja da bakin tanki.